Dariyar da Ke Zuwa Gobe: Sharhi a kan Wasan Jumble

Wata huɗu ke nan ina wani wasa kowace safiya kafin in ƙetare gada zuwa aji. Sunansa Jumble. Na jaridun Amurka ne, ni kuwa a tarho nake samunsa. Kalmomin Ingilishi ne guda huɗu da aka hargitsa haruffansu, sai ɗan zanen barkwanci, sai jimla ɗaya da aka bar mata giɓi. Har kaye na saya musamman, ina rubuta abin da na ci da abin da ya kayar da ni. Ran da wani abokina na fada ya buɗe kayen, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Kai dai karatun harshen nan ya gama da kai. Mutane na neman aiki, kai kana neman harafi." Na ce masa Ingilishi nake koyo. Har cikin zuciyata haka na ɗauka a lokacin.

Yanzu kayen ya kusa cika, ya kamata in faɗi abin da na samu a ciki tsakani da Allah. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya sa Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci, matasa da yawa sun tashi neman hanyar koyonsa a tarho, mega kuwa da kuɗi ake sayenta. In wani ya ce maka wasan kalmomi zai buɗe maka Ingilishi, kana da damar ka tambaye shi: wane Ingilishi, kuma ta wace ƙofa? Ni dai hukuncina shi ne, Jumble wasa ne mai kyau da na ɗora wa aikin da ba nasa ba. Kunnen da ya tashi cikin Ingilishin Amurka yake aunawa, wanda kuwa bai da irin kunnen nan, rabin wasan kaɗai zai samu. Sai da na gwada yin irinsa da Hausa na gane dalili, na kuma gane cewa wani ɓangare na ƙorafina ba shi da tushe.

Yadda wasan yake

Ga bayani don wanda bai taɓa gani ba. Daga Litinin zuwa Asabar kalma huɗu ake bayarwa, biyu masu harafi biyar, biyu masu harafi shida. Ran Lahadi kalmomin shida ne. Kusa da kowace hargitsattsiyar kalma akwai ƴan gidaje babu kome a ciki, wasu daga cikinsu an zagaye su. Ka warware kalmar, ka zuba haruffanta cikin gidajen. Haruffan da suka faɗa cikin zagaye su ne ribarka. In ka gama huɗun sai ka tattara ribar, ita ma a hargitse take, ka jera ta har ta cike giɓin jimlar da ke ƙarƙashin zanen. Amsar nan ta ƙarshe kusan kullum magana ce mai harshen damo, wato ta faɗi abu biyu da baki ɗaya. Ba a buga amsa sai washegari.

Wani mai zanen littattafan barkwanci, Martin Naydel, shi ya ƙirƙiro wasan a 1954, da farko sunansa Scramble. A 1962 Henri Arnold da Bob Lee suka karɓe shi, suka riƙe shekaru talatin ko fiye. Daga baya ya koma hannun David L. Hoyt, mai tsara kalmomi, da Jeff Knurek, mai zane. Ɗaruruwan jaridu ke buga shi. Abin da ya shekara saba'in yana fitowa kullum, lalle akwai abin da ke riƙe da shi, ba za a watsar da shi da kalma ɗaya ba. Don haka zan raba shi biyu, kamar yadda shi ma ya raba kansa.

Rabin farko: aikin hannu

Kalma mai harafi biyar daban-daban ana iya jera ta hanya 120. Mai shida, hanya 720. Babu mai zama ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Abin da mutum ke yi, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne ya bi ƙa'idar jeruwar haruffa ta harshen. In na ga "q" na san "u" na biye da ita. In na ga "t" da "h" sai in fara haɗa su. In na ga "i", "n", "g" sai in tura su ƙarshe in duba abin da ya rage. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce in rubuta haruffan a zagaye kamar fuskar agogo, don ido ya daina bin jerin da mai wasan ya shimfiɗa da niyyar ruɗe ni.

Mai tsara wasan ma da nasa aikin. Dole ya zaɓi kalmar da haruffanta ba za su haifi wata ba. Ba zai ɗauki "listen" ba, domin haruffan nan shida su ne na "silent", da "enlist", da "tinsel", da "inlets". In amsa ta yi biyu, haruffan da ke faɗawa cikin zagaye sun sauya, ginin duka ya rushe. Wannan tsantseni ya burge ni. A aji an ba mu labarin Ferdinand de Saussure, wanda tsakanin 1906 da 1909 ya cika kaye bayan kaye yana farautar sunayen da yake zaton mawaƙan Latin sun ɓoye cikin baitocinsu, harafi nan, gaɓa can. Bai buga aikin ba har ya mutu, domin ya kasa tabbatar da cewa da gangan mawaƙan suka yi. A tarin haruffa, duk abin da ka je nema kana iya samunsa. Jumble ya ba ka abin da Saussure ya rasa: tabbacin cewa wani ne ya ɓoye, amsa ɗaya ce, gobe kuma za a nuna maka.

To amma ga inda kayena ya tona mini asiri. Da na koma shafukan baya, na tarar da kalmomi da yawa da na warware daidai alhali ban san ma'anarsu ba, kuma har yau in ban buɗe ƙamus ba ba zan iya faɗa ba. Siffarsu na gane, kamar yadda kake gane fuskar wanda kuke haɗuwa kullum a bakin gada ba ka san sunansa ba. Wasan bai taɓa tambayata ma'ana ba, bai sa kalmar cikin jimla ba, bai nuna mini yadda ake furta ta ba. Masu buga Scrabble sun san wannan, suna haddace kalmomin da ba za su taɓa amfani da su a magana ba. Rabin farko horon ido ne, yana gyara rubutu, iyakarsa ke nan. Wanda ke son sababbin kalmomi, shafi ɗaya na labari ya fi masa wata guda na wannan.

Rabin biyu: harshen damo

Nan ne ran wasan yake. Ba zan kwafo nasu ba, bari in yi misali da wani tsohon barkwancin Ingilishi wanda ya bi irin wannan tsarin. Ana tambaya, me ya sa mai gidan burodi ke kwana yana aiki? Amsa: "he kneaded the dough". A rubuce, yana murza kwaɓin fulawa ne. A kunne kuwa, "kneaded" da "needed" sauti ɗaya ne, ita kuma "dough" bayan kwaɓi tana nufin kuɗi a maganar titi. Wato yana bukatar kuɗin. Jimla ɗaya, dabara biyu. Ta farko, kalma biyu masu rubutu daban da furuci ɗaya, waɗanda nake kira tagwayen kunne. Ta biyu, kalma ɗaya mai ma'ana biyu.

Ingilishi na da tagwayen kunne jingim, kuma tarihi ne ya tara masa su. William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa, bakin mutane kuwa bai tsaya ba. Wasulan harshen sun yi ta ƙaura tsakanin wajen 1400 zuwa 1700. Harafin "k" na "knight" da na "knead" a da ana furta shi, daga baya aka bar shi a takarda kawai, shi ya sa "knight" ta zama ɗaya da "night" a kunne. Mu da muka sha dikte a lakkwal ba baƙon abu ba ne gare mu. Wa ya manta da "vert", "verre", "ver" da "vers", da jan bik ɗin da suka jawo mana? Abin da ya wahalar da mu muna yara, shi ne jarin mai wasa da kalma.

In amsar ta yi kyau, abin da ke faruwa a kai yana da daɗi ƙwarai. Kana riƙe da haruffa takwas ko goma marasa ma'ana. Ka dubi zanen, ka karanta abin da mutanen ciki ke faɗi, ka lura mai zane ya cika wurin da wani abu guda, ko igiya, ko agogo, ko takalmi, alhali jimlar ta ƙi ambatarsa. Kalmar da aka guje wa ita ce ake nema. Can sai ma'ana biyun su faɗo tare, haruffan su shige gidajensu cif, babu ragi babu ƙari. Wannan ƙidayar ita ce ta bambanta Jumble da barkwancin baki. Ba gaya maka aka yi ba, kai ka gina abin dariyar da hannunka, kuma haruffa sun shaida ba ka yi kuskure ba. Ranar da hakan ta faru da ni, nakan shiga aji ina murmushi ni kaɗai.

Inda nake da ƙorafi

Na ɗaya, rabin farko da na biyu ba su san juna ba. Kalmomin huɗu ba ruwansu da zanen, dakon haruffa kawai suke yi. A kacici-kacici namu kowace kalma ta tambaya tana nuni ga amsa, in ka cire ɗaya abin ya gurgunce. A nan kuwa kana iya musanya kalmomin huɗu da waɗansu, muddin za su kawo haruffan da ake so, babu abin da ya sauya. Shi ya sa ƙwararru ke dubar zane su faɗi amsa tun kafin su taɓa kalma ɗaya. Za a iya cewa wannan ma alheri ne, gida mai ƙofa biyu: in kalma ta gagare ka, ka shiga ta amsa ka dawo baya ka kamo ta. Gaskiya ne. Sai dai ƙofa ta biyun ga ɗan gida kaɗai take buɗewa.

Na biyu, kullum sai an fito. Shekara kwana 365 ce, babu harshen da zai ba ka magana mai harshen damo mai kyau 365 duk shekara har shekara saba'in. Wata rana amsar kan zo a tilasce, an lanƙwasa rubutun kalma don ta yi kama da wata, an kuma sa mata alamar zance a gidajen amsa. Alamar nan tamkar mai ba da labari ne da ke taɓa ka da gwiwar hannu yana cewa "ka shirya, ga wurin dariyar nan tafe". Tana taimakon mai warwarewa, tana kuma rage armashi.

Na uku, dariyar ba ta da haƙori. Abin da zai shiga ɗaruruwan jaridu, yaro ya gani, kaka ta gani, dole ya kauce wa duk abin da zai ɓata wa wani. Don haka mutanen zanen masunta ne, da likitocin haƙori, da masu buga golf, ba wanda aka nufa da kome. Mu kuwa mun tashi cikin habaici, inda ma'ana ta biyu ke da wanda aka jefa, kowa a tsakar gida ya san ko wace ce, ita ma ta sani, amma ba ta da abin kamawa. Wanda ya saba da wannan zai ji na Jumble kamar miya ba yaji. Ban ce aibi ne a yi wasa mai tsabta ba, amma iyaka ce, ya kamata a faɗe ta.

Na huɗu shi ne ya fi ci mini rai. Akwai ranar da na warware kalmomin huɗu cikin minti kaɗan, na tara haruffa, na wuni da su a aljihu. Na juya su a aji, na juya su a layin abinci, na kwanta da su. Washegari amsa ta fito, na karanta, ban ga abin dariya ba. Na buɗe ƙamus, kowace kalma na gane ta, har yanzu shiru. Sai da na sa tarho ya furta mini da muryar Ba'amurke sannan abin ya faɗo. Su a bakinsu "t" da "d" in suka faɗa tsakanin wasula sukan narke su zama sauti ɗaya, mai kama da "r" ɗinmu ta kaɗa harshe sau guda. Shi ya sa "metal" da "medal", ko "latter" da "ladder", tagwaye ne a kunnensu. Ni da na koyi Ingilishi daga allo, a bakin malamin da shi ma daga littafi ya koya, kalmomin nan ko kusa ba su yi kama ba. Dariyar ta iso bayan kwana guda da bincike, ta iso a sanyaye. Ga kuma ranakun da amsar ke rataye da wasan besbol, ko wani bikinsu, ko wata karin maganarsu da ba ta cikin littafin aji. A irin ranakun nan nakan ji kamar an gayyace ni biki, na yi wankin kwanoni, da aka zo rabon nama aka rufe ƙofa.

Da na gwada da Hausa

Haushin nan ne ya sa na ce bari in yi namu in kai fada. Na zaci aikin dare ɗaya ne. Ga abin da ya biyo baya.

Na fara da haruffa huɗu, A, I, G, R, ina nufin "gari". Kafin shayi na farko ya tafasa an ba ni "riga", an ba ni "ragi", an ba ni "gira", wani ma ya ce "irga". Duk daidai ne. Haka "gida" ta haifi "gadi" da "dagi" da "diga", "kasa" ta haifi "saka" da "aska". Dalilin a fili yake ga wanda ya yi darasin gaɓa. Akasarin gaɓoɓin Hausa baƙi ne da wasali, kalma ba ta farawa da cunkoson baƙaƙe irin na Ingilishi, wasulan rubutu kuma biyar ne kacal, "a" ta fi kowanne yawa. Ɗauki kalma mai harafi shida da ke bin baƙi, wasali, baƙi, wasali: jerin da za ka gwada 36 ne maimakon 720. Warwarewa ta yi sauƙi, amma samun kalma mai amsa ɗaya ya yi tsada. Dole mai tsarawa ya nemi dogayen kalmomi, ko masu baƙi biyu a jere a tsakiya.

Sai matsalar ƙugiya. Na aika wa mutum biyu K, I, T, U, M, A ta tarho. Ɗaya ya ce "tumaki", ɗayan ya ce "matuƙi". Na ce wa na biyun ai babu ƙ a ciki. Ya ce, "To kai yaushe ka fara sa ƙugiya a saƙo?" Ya fi ni gaskiya. Mun saba rubuta k a wurin ƙ, d a wurin ɗ, muna barin mai karatu ya cike da hankalinsa. A jimla hakan na wucewa. A wasan da kowane harafi ke da gidansa, ba ya wucewa. Haka "ts" da "sh": in ka raba "hatsi" harafi biyar, wani zai jera maka "tashi", kuma bai yi laifi ba. In ka ba "ts" gida ɗaya kamar yadda take sauti ɗaya, rikicin ya ƙare. Ƙa'idar rubutun Hausa ta ƙasarmu ta 1999 na karanta ta don jarrabawa, amma ban ji amfaninta a jikina ba sai daren nan.

Babban darasin yana wajen amsar ƙarshe. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Don haka mu tagwayen ido gare mu: rubutu ɗaya, furuci daban. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo. "Fari" na launi da "fari" na rashin ruwa. Na zana mai fura a kasuwa, mutane sun yi layi, na rubuta: yau kam ta samu, sai giɓi. Amsa "dama". A takarda abin ya zauna daram, damar ciniki da damun fura duk suna cikin haruffa huɗun. Amma da wani ya karanta da ƙarfi, dole bakinsa ya zaɓi kari ɗaya, ɗaya ma'anar ta koma baya. Ka ga abin ya juye. Na Ingilishi a baki yake cikakke, in an zo rubutawa sai an zaɓi rubutu ɗaya, shi ya sa suke bukatar alamar zance. Namu a takarda yake cikakke, a baki ne ake zaɓi. Wasan da ake yi shiru da bik a hannu, ashe ya dace da rubutunmu fiye da yadda na zata. Ga kuma kalmominmu masu ɗaukar kaya da yawa da furuci ɗaya, irin "ci" da "sha" da "kai" da "baki", waɗanda ke aiki a takarda da baki duka. Wanda ya ci tuwo, ya ci kasuwa, ya ci jarrabawa, ya ci amana, ai bai rasa abin wasa ba.

Wanda ya fi karɓuwa a fada shi ne wannan. Zanen ɗalibi yana barci, ya yi matashin kai da littafin rubutunsa. Jimla: bai buɗe shi ba duk shekara, ran jarrabawa ya sha, sai giɓi. Amsa "kaye". Aka yi ta dariya har mai shayi ya kusa zubar da buta. Mutum ɗaya ne bai yi ba, wani baƙo ɗan'uwan abokinmu da ya zo daga Kano. Ya san shan kaye sarai, na kokawa da na zaɓe. Abin da bai sani ba shi ne mu nan littafin rubutu ma kaye ne, daga Faransanci muka aro. Aka yi masa bayani, ya gyaɗa kai ya ce, "Oho, na gane." Fuskarsa irin tawa ce sak ranar "metal" da "medal". Don in ƙara tabbatarwa na ba shi na "mushe", wanda a wurinmu malamin lakkwal ne, a wurinsa kuwa abin da ungulu ke sauka a kai kawai. Nan ma sai da aka fassara.

Laifi tudu ne. Ƙofar da na yi fushi an rufe mini, ga shi na rufe wa wani, da Hausa, a kan tabarma ɗaya. Duk magana mai harshen damo tana da iyakar ƙasarta, domin tana rayuwa ne a kan abin da mai faɗi da mai ji suka riga suka sani tare ba sai an faɗa ba. Hoyt da Knurek ba su yi mini rowa ba, da mutanensu suke wasa. Ƙorafina na ɗaya da na biyu da na uku suna nan, ban janye ba. Na huɗu kuwa na mayar da shi kaina, ni da na shiga wasan ƴan gida ina neman darasin baƙo.

To me zan ce wa mai son gwadawa? In Ingilishinka ya yi ƙarfi, ka yi, zai nuna maka daidai inda littafi ya tsaya, inda sai kunne. Duk ranar da amsa ta fito ba ka yi dariya ba, ka sa a furta maka ita, wannan shi ne darasin ranar. In kuwa yanzu kake farawa, ka kashe megarka wajen saurare da karatu, wasan zai jira ka. Mu kuma masu rubutu cikin wannan ɗan littafi, kundin nan na 2025 shi ne ya kira Hausa harshen ƙasa, amma ban taɓa buɗe jarida a nan na ga wasan kalmomi da Hausa ba. Shafi ɗaya na fotokopi ya isa a fara, kuma wanda ya yi wasan sau biyar ba zai sake raina ƙugiya ba.

Ga nawa na gwaji. Ban iya zane ba, sai ku hango shi da kanku: tela zaune gaban keke, babbar riga a cinyarsa, ya gama hannuwa da jiki, ya tsura wa saman rigar ido, gumi na zuba.

ƊAYAG, a ɗauki harafi na biyu.
MIKLATA, a ɗauki harafi na biyu.
LAWEA, a ɗauki harafi na huɗu.
ƘIMURA, a ɗauki harafi na huɗu.

Jimla: Ɗinkin duk ya zo masa da sauƙi, sai da ya iso nan ya sha ____.

A kula, haruffan huɗu na ba da kalmar Hausa biyu, ɗaya ce ta dace da telan. Amsa sai fitowa ta gaba. Wanda ya samu kafin nan, ya same ni a fada, shayi na biyu nasa ne.